Jirgin da ke Zama a Kan Wutsiya: Wa Zai Koya wa 'Ya'yanmu Tuƙinsa?

Idan gero ya fara ido, dawa ta fitar da kai, shinkafar fadama ta yi nono, hankalin manomi a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ba ya kwanciya. Tun da asuba ake tura yara gona, su ɗaura gwangwanaye a igiya, su hau rumfa, suna ja suna ihu har faɗuwar rana. Abin da ake kora kuwa ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, jan-baki, wanda nauyinsa bai wuce giram 20 ba. An ƙiyasta cewa guda ɗaya kan ci kimanin giram 10 na hatsi a yini, ke nan tsuntsu miliyan 2 za su iya lashe tan 20 kafin magariba. Ɓarnarsa ta fi tsanani a arewa maso gabashin Jigawa, cikin kwarin Haɗeja, inda kachala ta toshe hanyoyin ruwa ta zame masa makwanci. Amma tsuntsu bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Da zarar ya yi yawa, magana ɗaya za ka ji a bakin manoma da shugabannin ƙungiyoyinsu a rediyo: gwamnati ta taimaka ta kawo jirgin feshi.

Wanda ya taɓa ganin irin wannan jirgi a ajiye zai lura cewa zamansa daban ne da na jirgin alhazai. Hancinsa yana kallon sama, manyan tayoyi biyu suna gaba ƙarƙashin fuka-fuki, wutsiya kuma ta zauna a ƙasa bisa wata 'yar ƙaramar taya. Haka aka ƙera kusan duk jiragen feshi da aka sani a duniya: Air Tractor da ake yi a garin Olney na jihar Texas, da Thrush, da Piper Pawnee, da Cessna 188, da Dromader na ƙasar Poland. Babban cikin Air Tractor, wato AT-802, yana ɗaukar kusan lita 3,000 na magani ya tashi da shi daga ɗanyen fili.

Kuma ba kowane mai lasisin tuƙi ne zai iya zama a kujerarsa ba, ko da ya yi shekara ashirin yana kai fasinja Jidda.

Abin mamakin shi ne da irin wannan zama jirgi ya fara shigowa ƙasar Hausa. Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Birtaniya suka sauka a filin wasan dawakai na Kano, bayan sun taso daga Masar ta Sudan, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Ko tayar wutsiya ba su da ita. Wani ɗan ƙarfe ne ke jan ƙasa a madadinta. Bayan yaƙin duniya na biyu, DC-3 da ya yi jigilar iyayenmu tsakanin Kano da Legas shi ma a kan wutsiya yake zama. Kusan duk wanda ya koyi tuƙi a wancan zamani da jirgi mai zama a kan wutsiya ya koya.

A shekarun 1950 al'amarin ya juya. Kamfanin Piper ya fito da Tri-Pacer a 1951, Cessna kuma ta ɗauki jirginta mai lamba 170 ta mayar da ƙaramar tayar gaba, ƙarƙashin hanci, ta kira shi 172 a 1956. Ya zama jirgin da aka fi ƙerawa a tarihi, makarantun tuƙi suka rungume shi saboda ɗalibi ya fi saurin iya sauka da shi. Cikin 'yan shekaru sai aka wayi gari da matuƙa masu lasisi cikakke waɗanda ba su taɓa taka jirgi mai tayar wutsiya ba.

A sama babu wani bambanci. Duka rigimar a ƙasa take, lokacin gudun tashi da lokacin sauka.

Jirgi mai tayar gaba, tsakiyar nauyinsa tana gaban manyan tayoyi. Idan ya ɗan karkace yana gudu, nauyin nan da kansa zai janyo shi ya miƙe. Mai tayar wutsiya kuwa nauyinsa yana bayan manyan tayoyin, saboda haka idan hanci ya ɗan kauce hagu, bayan jirgin zai nemi ya wuce gabansa ta dama. Duk direban a-daidaita-sahu zai gane wannan: idan yana tafiya gaba keke na bin hannunsa, amma a ce masa ya yi ribas yana gudun kilomita 80 a awa, ya kuma riƙe layi. Haka matuƙin nan yake a duk sauka. Da ƙafa ake gyarawa, ta feda biyu masu juya fiffiken tsaye na wutsiya, kuma gyaran ƙanana ne, da sauri, kafin karkatar ta girma. Wanda ya makara da daƙiƙa ɗaya ko biyu, jirgin zai yi katantanwa da shi a tsakiyar fili, fiffike ya daki ƙasa, ƙafar taya ta karye, wani lokaci farfela ta haɗu da turɓaya. Ba kasafai ake rasa rai a irin wannan ba, amma jirgi ya tafi gareji, injin kuma sai an kwance shi an duba.

Ƙari a kan haka, lokacin tashi, idan matuƙi ya ɗaga wutsiya, jujjuyawar farfela takan fizgi hanci gefe guda, dole ƙafa ta riga ta shirya. Birki ma abin tsoro ne: wanda ya taka shi da ƙarfi sai jirgi ya kifa da hanci. A wasu ƙirar, hancin kan tare wa matuƙi gani idan yana tafiya a ƙasa, sai ya riƙa karkata hagu da dama yana leƙen gabansa.

To me ya sa ba a yi watsi da shi ba? Saboda fili. Farfelarsa ta yi nesa da ƙasa, ba ta tsintar tsakuwa. Manyan tayoyin gaba suna haye rami da kunya da burji, inda siririyar ƙafar tayar hanci za ta lanƙwashe. Ya fi sauƙin nauyi, kuma ya fi sauƙin gyara. Duk inda babu kwalta, daga Alaska har dazuzzukan gabashin Afirka, shi ne abin hawa.

Amurka ce ta fi fito da dokar wannan abu fili. Da haɗurran sauka suka dami hukumar jiragen samanta, FAA, sai ta ce daga 15 ga Afrilu, 1991, babu wanda zai ja ragamar jirgi mai tayar wutsiya sai malami mai izini ya horar da shi, ya kuma sa masa hannu a littafin da yake rubuta awannin tashinsa. Waɗanda suka riga suka tuƙa irinsa kafin wannan rana an ɗauke musu. Dokar ta faɗi abin da za a koya: tashi da sauka cikin iska daidai da kuma cikin iskar gefe, sauka a kan manyan tayoyi biyu kafin a kwantar da wutsiya, sai fasa sauka a sake tashi idan abu ya ɓaci. Abin da ba ta faɗa ba shi ne awa nawa. Babu jarrabawar rubutu, babu jami'in gwamnati da zai zo ya gwada ka. Malami ne zai dube ka ya ce ka isa, ko ya ce ka dawo gobe. Galibi abin kan ci awa 5 zuwa 10, wani ya fi haka, kuma masu koyarwa sun sha faɗa cewa tsohon matuƙin manyan jirage kan fi sabon ɗalibi shan wahala, don ƙafarsa ta saba da hutu.

Akwai wani ɗan sharaɗi da ke nuna an san inda gizo ke saƙa. Kowane matuƙi a Amurka, kafin ya ɗauki fasinja, sai ya yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce. Mai tayar gaba zai iya taɓa ƙasa ya ƙara wuta ya tashi, a lissafa masa. Mai tayar wutsiya kuwa sai ya tsaya cak a kowace sauka, domin a ƙarshen gudun, lokacin da iska ta daina kama wutsiya sosai, a nan ne jirgi ya fi ƙwacewa.

Kanada, maƙwabciyarta, ba ta da wannan sa hannu ko kaɗan, duk da cewa ƙasa ce ta jiragen daji. A takarda, mai lasisi zai iya sayen jirgin yau ya hau gobe. Sai dai kamfanonin inshora sun toshe gurbin: ba za su karɓi jirginka ba sai ka kawo shaidar awannin da ka yi da malami. A Turai kuma ana kiran abin horon bambanci, malami ya koyar ya sa hannu, kusan yadda Amurka ke yi. Hanya uku ke nan, amma duk a ƙofar mutum ɗaya suke ƙarewa, wato malamin da ya iya, ya kuma yarda ya ɗora sunansa a kan ɗalibi.

Batun jirage sakayau, waɗanda mutum kan saya ko ya harhaɗa a gida don sha'awa, ya fi wannan ban mamaki. Tun 1982 Amurka ta ware musu doka ta daban. Idan jirgi kujerarsa ɗaya ce, nauyinsa babu mai bai kai kilo 115 ba, tankinsa bai wuce lita 19 ba, gudunsa bai wuce kusan kilomita 102 a awa ba, to mai shi ba ya buƙatar lasisi, ko rajista, ko takardar likita. Da rana kawai zai tashi, kuma ba zai bi ta kan cunkoson jama'a ba. Ko tayarsa a wutsiya take, babu wanda zai tambaye shi sa hannun malami. Hikimar ita ce ransa kaɗai ya saka a ciki. Ni dai wannan hikima ba ta kwanta mini ba a ƙasa irin tamu, inda babu gonar da ba kowa a cikinta, kuma duk inda baƙon abu ya sauka yara za su baibaye shi kafin farfela ta tsaya.

Sama da wannan mataki Amurka ta jera tsani: lasisin wasanni da aka ƙirƙiro a 2004 daga awa 20, na nishaɗi daga awa 30, na ƙashin kai daga awa 40. Kanada ta ce ko sakayau ne sai da izini: shekara 16, karatun aji, aƙalla awa 10 a sama da tashi da sauka 30, wanda ke son izinin nishaɗi, mai ba shi damar ɗaukar mutum ɗaya da rana, sai ya yi awa 25. Faransa, wadda ta yi fice a wannan harka, tana ba ɗan shekara 15 takardar tuƙin sakayau, ba ta kuma ƙayyade awanni ba. Bayan jarrabawar rubutu, malami ne ke yaye ɗalibi.

Daga Faransar ne abin ya matso kusa da mu. Wani ƙaramin kamfani, Humbert, yana ƙera jirgi sakayau mai kujera biyu da tayar wutsiya mai suna Tétras, kuma sojan saman Nijar na daga cikin rundunonin Afirka da suka yi aiki da shi wajen sintiri da horo, tare da na Mali da Burkina Faso da Kamaru. Dalilin a bayyane yake: yana shan man mota, yana sauka a kan jar ƙasa, gyaransa ba ya buƙatar katafaren gareji.

A Najeriya, hukumar NCAA da aka kafa da dokar soja ta 1999 ita ke ba da lasisi, kuma tana bin ma'aunin hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO: shekara 17 da awa 40 ga lasisin ƙashin kai, shekara 18 da awa 200 ga na kasuwanci, ko 150 idan a tsararren kwas aka yi. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta yaye matuƙa da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar sama da Afirka ke alfahari da su. Amma a dubi jiragen da take koyarwa da su a 'yan shekarun nan: Tampico, Trinidad, Baron, sai Diamond DA40 da DA42. Dukkansu tayar gaba ne. Kwalejin Ilori ma Diamond take hawa. Ba laifi ba ne, don kamfanonin jigila ake yi wa tanadi, su kuma abin da suke so ke nan.

Har jirgin da muka harhaɗa da hannunmu ya bi wannan layi. Air Beetle, wanda aka fara gwadawa a Kaduna a 1989 aka kuma yi kimanin 60 don horar da sojan sama, an samo shi ne daga wani jirgin Amurka na masu harhaɗawa a gida, RV-6. Asalin RV-6 tayar wutsiya gare shi. Ɗan'uwansa mai tayar gaba, RV-6A, shi aka ɗauko.

Sakamakon shi ne tsaninmu ƙafa ɗaya gare shi, kuma Legas da Abuja yake kallo. A 2013 gwamnatin Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Da suka dawo, da yawansu sun daɗe suna jiran aiki, domin kamfani ba ya ɗaukar mai awa 200 sai ya ƙaro horo na musamman a kan Boeing ko Embraer, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗan talaka. Ga matuƙa zaune a gida, ga gonaki na neman mai feshi, babu gadar da ta haɗa su. Gadar kuwa ba gajera ba ce, kada a ruɗi kowa. Sa hannun tayar wutsiya matakin farko ne kawai. Jirgin feshi galibi kujera ɗaya gare shi, ranar da ka fara hawansa kai kaɗai ne. Ana tafiya mita uku ko huɗu bisa amfanin gona, da kaya mai nauyi, tsakanin itatuwa da wayoyin wuta. Feshin jan-baki ya fi kowanne wuya, saboda sai da almuru ake yi, bayan tsuntsu ya taru a makwanci, haske na ƙarewa. Maganin da aka saba amfani da shi, fenthion, guba ne da ke kashe wasu tsuntsayen har da shaho da mujiya, ga kuma haɗari ga masu tsintar gawar su soya su kai kasuwa. Wannan ma darasi ne da ya kamata matuƙi ya sani kafin ya buɗe famfo.

Mun kuma ga abin da ke faruwa idan lasisi ya yi gaba, horo a kan ainihin jirgin ya tsaya a baya. Ranar 25 ga Oktoba, 2012, gwamnan Taraba na lokacin, marigayi Danbaba Suntai, wanda ya koyi tuƙi a Zariya, ya faɗi da jirgi ƙirar Cessna Caravan kusa da Yola. Rahoton hukumar binciken haɗurra ya nuna ba shi da cancantar tuƙa wannan nau'in jirgi, kuma tafiyar ta kai shi bayan faɗuwar rana. Bai sake samun cikakkiyar lafiya ba har Allah ya yi masa rasuwa a 2017. Allah ya jiƙansa. Jirgin nan tayar gaba gare shi, amma batun ɗaya ne.

A ɗaya gefen akwai masu sha'awa da ba su da ƙofar shiga. A 2007 jaridun duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen mota, ya ɗan ɗaga daga ƙasa. Tun daga nan kusan kowace shekara sai an ga hoton wani yaro a Facebook, a wani gari na Arewa, da abin da ya ƙera da langa-langa da injin babur. A tafa masa, wani ɗan siyasa ya ba shi kyauta, shi ke nan. A ƙasar da ke da kulob-kulob na ƙananan jirage, yaron nan malami zai samu, wanda zai fara gaya masa cewa abin da ya ƙera ba zai tashi ba, sannan ya zaunar da shi a kujerar baya ya nuna masa dalili.

Kudancin Jigawa yana da abin da wasu wurare ba su da shi. Filin jirgin Dutse, wanda aka buɗe a 2014 zamanin gwamna Sule Lamido, ɗan Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, tafiyar ƙasa da awa guda ce daga garin Birnin Kudu, kuma idan ba lokacin aikin Hajji ba sararinsa ba ya cunkoso. Ɗalibi na buƙatar irin wannan sarari. Sai dai mai tayar wutsiya a kan ciyawa ko jar ƙasa ya fi daɗin koyo, domin taya takan ɗan zame ta yafe kuskure, kwalta kuwa kamawa take yi. Fili mai tsawon mita 700 zuwa 800, a daddaɓe, da shinge saboda dabbobi, ya isa.

Yanayin wurin ma malami ne mai tsanani. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas da ƙura, wata rana ba ka hango kilomita guda. Duk filin da ba a shimfiɗa shi yana fuskantar wannan iska ba, kullum cikin iskar gefe za a sauka. A Afrilu zafi kan haura digiri 40, ƙasar kuma ta fi mita 400 bisa teku, iska ta yi shara-shara, injin ya rage ƙarfi, gudun tashi ya ƙara tsawo. Farkon damina hadari kan taso daga gabas da guguwa a gabansa, wadda za ta iya kifar da jirgi sakayau ko a ɗaure yake. Duwatsun da suka kewaye Birnin Kudu, irin su Mesa da Habuɗe masu zanen mutanen da, da tsaunukan wajen Fagam a ƙasar Gwaram, suna karya iska ta riƙa tuma. Wanda ya iya sauka a nan, a kowane wata na shekara, ya iya.

Akwai masu cewa zamanin wannan duka ya wuce, jirgi marar matuƙi ya zo. Suna da hujja: ga gonar shinkafa kadada biyu ko biyar a bakin kogi, na'urar da ke ɗaukar lita 20 zuwa 40 ta fi dacewa, ta fi araha, kuma faɗuwarta ba ta cin rai. Ita ma tun 2016 sai da izinin NCAA da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a halin da Arewa ke ciki babu mai hankalin da zai ce a saki sararin sama sakaka. Amma makwancin tsuntsu mai faɗin kadada ɗaruruwa a cikin kachala, ko farin ɗango idan suka keto daga Sahel, aikin babban tanki ne. Ƙasashen gabashin Afirka sun gane haka tun 1962, suka haɗa ƙungiya guda mai hedikwata a Adis Ababa, da jiragenta da matuƙanta, tana feshin fara da jan-baki a duk ƙasar da abin ya faɗa wa. Jigawa da Yobe da Borno da Bauci da Kebbi da Sakkwato tsuntsu ɗaya ke cin su, kowace kuma ita kaɗai take neman haya idan ya sauka.

Idan wata rana jihohin nan, ko kwalejin Zariya, ko wani attajirin manomi ya so ya gwada, sayen jirgin feshi ba shi ne farko ba. Farko shi ne jirgi mai kujera biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, irin Super Cub ko Citabria, wanda na hannu bai kai kuɗin wasu motocin ayarin gwamna ba. Sai a zaɓi malamai biyu ko uku daga cikin masu koyarwa da muke da su, a tura su Afirka ta Kudu ko Kenya ko Amurka, su yi watanni suna tashi da sauka a ɗanyen fili har ƙafarsu ta faɗa. Sa hannun da za su dawo da shi bai isa su fara yaye wasu ba. Malamin da zai ƙwace jirgi daga hannun ɗalibi a daƙiƙar da ya fara katantanwa yana buƙatar ɗaruruwan sauka a bayansa, da injiniya mai lasisi da ya san irin wannan jirgi da ake ƙerawa da yadi da bututu, da kamfanin inshorar da zai yarda ya karɓi makarantar.